Litinin Ɗin da Na Faɗa Mata

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Sun karɓe makullin ɗakin sanyi, inda injuna masu ƙwaƙwalwa suke.

Shekara talatin da ɗaya ina gadin labon nan na gwajin jini, tun yana ɗaki biyu da rumfar kwano, tun ana wanke kwalaben jini da hannu a bakin famfo. Yau ɗiyar Ɗahiru ta miƙo mini tafin hannu ta ce, "Baba Lawali, makullin." Ko sannu da rana babu. Nafissa ke nan, wadda na sani tana yawo da majina a tsakar gidan nan lokacin da ubanta ke tuƙa motar labo. Ta yi lakwal, boko mai zurfi, ta dawo, yanzu ita ce mai injuna.

Ta sa an fitar da tabarmata da butata da tukunyar shayina daga lungun ɗakin, a gaban masu shara. Wai ruwa da inji ba sa zama wuri ɗaya. Shekara tara ina shan sanyin kilim ta ƙarƙashin ƙofar nan, ɗigo ɗaya bai taɓa zuba ba. Yanzu wurina bakin babbar ƙofa, gindin bishiyar bedi, a wannan zafi.

Rajistar baƙi ma sun daina, kowa da baj ɗinsa, katin shiga. Na ɗauke ta, saura shafi da yawa. Dama ban taɓa buƙatarta ba, don a kaina nake riƙe mai shiga da mai fita. Baƙaƙen da na koya a yaƙi da jahilci sun ishe ni. Zan riƙa rubuta abin da ake mini.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Mushe Issoufou, diraktanmu, ya tara kowa gaban gilashin ɗakin sanyi a ga sabon mai gadi. Na zaci mutum ne. Ashe allo ne da wuta koriya.

Ɗiyar Ɗahiru ta yi bayani da Faransanci, sannan ta juyo da Hausa saboda mu jakunan baya. Ta ce a cikin babban injin akwai akwatuna, kontenar sunansu, kowanne da aikinsa, kowanne a rufe. Wani yana ajiye sakamakon gwaji, wani yana aika shi wayar mai shi. Sabon mai gadin shi ma a akwati yake zaune. Daga cikin akwatinsa ba ya jin motsin maƙwabta, don haka sai an dasa masa kunne a can cikin zuciyar injin. Zuciyar ita ce noyo, kunnen shi ne modul. Da kunnen nan yake jin duk ƙofar da aka buɗe. Ɓarawo ya taɓa, allo ya yi ja, wayarta ta yi kuka.

Na ce, "To in ya ji ɓarawon, shi zai kama shi?"

Aka yi dariya. Mushe ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsoho, ƙane aka kawo maka. Ba ya barci, ba ya shan shayi."

Ita kuma ta ce, "Kuma ba ya mantuwa."

Ta faɗa tana dariya. Ta dube ni ta faɗa.

Ni Lawali. Ni da ake kira gaban baƙi a ce, Baba, wace rana ruwa ya shiga reshen Harobanda, in faɗi rana da wata da wanda ya kwashe injin jini a kansa. Ni da 'yan sandan komisariya suka karɓi maganata ba takarda lokacin da aka sace madubin gwaji. Mutum goma sha huɗu suka mutu daga cikin ma'aikatan gidan nan, na san ranar kowa da inda yake kwance. Har ubanta. Ni na riƙe gaban makara.

Juma'a, 11 ga Afrilu, kafin masallaci

Ta zo gindin bedi da 'yar takarda, lambarta a jiki. A tsaye ta yi maganar, makullin mota a hannu.

Ta ce injin ya karɓi sabuwar zuciya amma bai sa ta ba tukuna, sai ranar da ya mutu ya sake tashi. In ya tashi da sabuwar, tsohon kunnen ba zai shiga ba, sai ta zo ta ƙera wani ta dasa da hannunta. Mai gadin zai tashi a akwatinsa lafiya lau, allo kore, amma kurma ne. Ta ce za ta gyara abin ya riƙa shiga da kansa, sai dai aikin reshen Harobanda ya riƙe ta mako biyu.

"Baba, in kuran ya ɗauke aka rasa wuta, batir yana riƙe injunan minti biyar kafin ka tada gurup, injin ba da wuta. In ka ga fitilunsu sun mutu ta gilashi, ko na ƙiftawar ido ne, ka kira ni. Kar ka dubi koren nan. Shiru ma kore ne a wurinsa."

Na ce, "Ashe ƙanen nawa sai da yayansa."

Ta ce, "Ka ji ko in maimaita?"

Na ce tun kafin a yi mata suna ba a maimaita mini magana.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Labo a rufe tun azahar, ni kaɗai. Ina raka'a ta biyu kuran ya ɗauke. Da ina lunguna, taku goma ne zuwa gurup. Daga gindin bedi sai na zagaya gini duka. Ban yanke sallata ba saboda inji, kuma ban yi gudu ba. Ba ni na kawo kaina nan ba.

Da gurup ya tashi na leƙa ta gilashi. Duhu. Sannan fitilu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, allo ya yi kore.

Na ciro takardarta. Na ɗauki waya. Na ajiye.

Ta jira Litinin. Ta zo ta gaishe ni yadda ake gaida mutum, sai in faɗa mata. Kwana biyu ba za su kashe kowa ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da yamma

Kore.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Yau na ga abin mamaki. Ɗiyar Ɗahiru ta zo takwas saura, ta fito daga mota, ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ina kwana, ina zafi, ina Inna Indo?" Ta buɗe bayan mota ta fito da sabuwar tabarma da 'yar fanka mai cin rana, da ƙullin kilishi. Ta ce uwarta ce ta ji labarin tabarmar, ta wanke ta tas. Ta ce, "Na yi kuskuren baki, Baba. Aikin ne ya hau mini kai. Ka yafe."

Na ce sai na yi shawara. Amma na karɓi kilishin.

Ta zauna gefen tabarma, ta ce in ba ta labarin ubanta. Na ba ta na ranar da motar labo ta mutu a hanyar Tondibia da jinin mutum arba'in a cikin kula, Ɗahiru ya cire rawaninsa ya jiƙa a kogi ya naɗe kular, ya tare amalanken jaki ya kawo su gari. Na faɗa mata sunan mai jakin. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata wannan. Na ce wa zai gaya miki, duk sun mutu, ni kaɗai na rage da su.

Ta leƙa allonta daga bakin ƙofa, ta wuce Harobanda.

Fankar tana aiki. Kilishin yaji ya yi yawa, na 'yan birni ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Zafi. Na tambayi Indo matata ko an ba akuya ruwa, ta ce, "Malam, sau uku ke nan kana tambaya." Na ce mata tsohuwar da ba ta san shekarun ɗanta ba ba za ta ƙirga mini magana ba. Ta ɗauke kwano ta fita. Gara haka.

Asabar, 19 ga Afrilu, da rana

Likitan nan mai sanƙo, wanda ke zuwa karɓar sakamako duk Asabar, ya gaishe ni da suna. Na ce masa sannu likita. Ya isa haka. Ba dole ne in kira kowa da sunansa ba.

Shekara shida yana zuwa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Wata mata ta zo da safe ba lulluɓin kirki, tana buga ƙofa da waya. Ta ce wa ya ba mu izinin raba ta a gari. Na ce Hajiya a yi haƙuri a shiga layi. Ta manna mini wayar a fuska. Jerin sunaye ne da hatimin labonmu a sama, kowane suna da ciwon mai shi a gefe. Nata na bakwai.

Kafin azahar sun kai goma sha ɗaya. Wani dattijo bai yi ihu ba, ya zauna a ƙasa gaban ƙofa kawai, ya cire hula. Mushe ya ce in rufe ƙofa. Na rufe.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Tun sassafe tana ɗakin sanyi. Wajen ƙarfe goma aka aiko kirana. Na shiga, karo na farko tun da aka kore ni. Sanyin yana nan yadda na bar shi.

Fuskarta ta yi fari kamar toka. Ta ce wa Mushe wani ya shigo ta akwatin da ke aika sakamako, ya yi kwana tara yana kwasa a hankali. Mushe ya ce ina mai gadin naki da ba ya barci. Ta ce kunnensa ba ya ciki. Sai ta juyo.

"Baba, injunan nan sun mutu?"

"Asabar, sha biyu ga wata, raka'a ta biyu ta la'asar."

"Innalillahi. Baba, me ya hana ka kira ni?"

Mushe yana kallona. Masu gwaji biyu sun leƙo. A lokacin ne abin ya faɗo mini, kamar an sako bulo daga sama. Na laluba Litinin a kaina.

Na ce, "Na faɗa miki Litinin da bakina, a gindin bedi."

Ta koma gaban allonta.

Laraba, bayan magariba

Na koma baya na karanta Litinin.

Na sake karantawa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da safe

Ita ce mai injuna. Kwana tara ba ta shiga ta duba kunnen da idonta ba. Ita da bakinta ta ce kar a dubi kore, ita kuma ta leƙa kore ta wuce. Wannan ba ni na yi mata ba. Ba ni na fitar da tabarmar ba. Ba ni na ƙera mai gadin da ke murmushi alhali kurma ne ba.

Na faɗa mata.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Boubacar tela na layinmu yana cikin jerin. Matan unguwarmu ta Talladjé sun yi layi a shagonsa, ba ɗinki suka kawo ba, atamfofinsu suka zo karɓa, har waɗanda ya riga ya yanka. Wata ta sa ɗan kara ta ɗaga nata don kar hannunsa ya taɓa. A masallaci sahu ya buɗe ta gefensa, wurin mutum guda dama, wurin mutum guda hagu.

Indo ta ce, "Ba a labonku aka yi ba, Malam?"

Na ce ni ƙofar ƙarfe nake gadi, kuma ba a ɓalle ta ba.

Ta ce, "Allah ya isar wa Boubacar."

Na ce amin. Me zan ce.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Sun kawo wani masanin injuna daga waje, Abdulhakim, siriri, gilashi a ido. Ya kwana biyu a ɗakin sanyi. Yau aka zauna a biron Mushe, wato ofishinsa, shi da Mushe da lauyan labo, ita a kujerar gefe, ni a tsaye har sai da baƙon ya ce a ba tsoho kujera.

Baƙon ba ya kwana-kwana. Ya ce laifinta na barin gyara har mako biyu yana nan, wannan na gargaɗi ne. Amma maganar biyu ce. In ba a faɗa mata injin ya mutu ba, sakaci ne irin na kowa, a ja mata kunne ta ci gaba da aiki. In an faɗa mata ta yi banza da shi, kora ce, kuma masu ƙara za su bi ta da sunanta, ba labo ba. Bayan haka ba mai sake ba ta makullin ko da ɗakin ajiye tsintsiya a garin nan.

Ya ce, "Baba, ba raini ba, shekarunka nawa?"

Mushe ya yi dariya. "Gwada shi. Tsoho, yaushe aka kawo gurup ɗin nan?"

Na faɗi shekara da wata, da lambar motar da ta kawo shi, da sunan wanda ya yanke yatsa wajen sauke shi. Aka ciro takarda daga kabad, daidai. Ya tambayi ranar da aka canza kilim. Daidai. Ya tambayi wanda ya fara shiga ɗakin sanyi ranar da aka buɗe shi. Daidai. Na ga idon baƙon ya canza. Na ji daɗi. Allah ya sani na ji daɗi.

Sai na ba su Litinin. Ƙarfe nawa ta zo, inda ta ajiye mota, launin gyalenta, tabarma, fanka, kilishi. Na ce tana rufe bayan mota na ce mata injunanki sun mutu shekaranjiya, ta ce to Baba, to, tana duba waya.

Ta miƙe. "Wallahi Baba ba ka faɗa ba. Labarin Abbana ka ba ni. Na mai jaki."

Na ce, "Shi kin riƙe, don ya yi miki daɗi."

Lauya ya rubuta.

Talata, 29 ga Afrilu, da rana

Na kashe fankar. Ƙararta tana damuna.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Ta zo gida. Indo ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta rame cikin mako ɗaya, wuyanta kamar na kaza.

Ta ce, "Baba, ban zo faɗa ba. Na yi tunani. Ba na ce ka ce ka yi ƙarya ba. Ka ce musu kawai ka yi niyyar faɗa, ka manta, ka ɗauka ka faɗa. Ba wanda zai taɓa dattijo don ya manta. Ni a ja mini kunne, kai a ce tsufa ne, shi ke nan."

A ce tsufa ne.

Na ce, "Ɗiyar Ɗahiru, me nake da shi a gidan can?"

Ban jira amsarta ba.

"Ban iya Faransanci ba. Ban iya gudu ba. Makulli kin karɓe. Rajista kun daina. Abu guda ya hana Issoufou ya sa yaro mai kaki a ƙofar nan, shi kike so in kai masa a faranti."

"Aikina ne, Baba. Sunana ne. Innata ba ta san komai ba har yanzu, na ce mata hutu nake."

"Ai mai gadinki ba ya mantuwa. Je ki tambaye shi."

Ta daɗe tana kallona. Sai muryarta ta canza, ta yi sanyi.

"Na ɗauka mugunta ce. Duk kwanakin nan ina cewa don tabarma ne, ina jin haushinka. Yanzu na gane." Ta matso. "Baba, likitan da ke zuwa ranar Asabar, mai sanƙo. Yaya sunansa?"

Na ce ba na amsa jarrabawa a gidana.

"Yaya sunansa, Baba?"

Na ce Indo ta raka ta.

A bakin zaure ta juyo ta ce, "Ka riƙe matattunka da kyau. Ranar da suka zube maka, ba mai tsince su."

Indo ta dawo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam." Na ce in ta ƙara kalma ɗaya ta kwana gidan ƙanenta. Ba ta ƙara ba. Ta ɗauke ruwan da yarinyar ba ta sha ba ta zuba wa akuya.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Ba aiki yau. Na zauna na jera matattuna goma sha huɗu, da ranakunsu. Sun cika. Na sake, sun cika. Na uku na samu goma sha uku, amma ƙarar rediyon maƙwabta ce.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

An ba ta takarda. Ta fito da kwali guda, ta ajiye baj a kan tebur ɗina, don doka ta ce a hannun mai gadi ake barinsa. Ba ta dube ni ba. Ni na buɗe mata ƙofa. Motar ta ƙi tashi sau biyu, masu gwaji suna kallo ta taga, ba wanda ya fito. Ni ma ban tura ba, bayana ba ya so.

Baƙon ya gyara kunnen. Yanzu in inji ya tashi da sabuwar zuciya, kunnen yana ƙera kansa ya shiga, in ya ƙi shiga allo ya yi ja. Ya ce aikin rabin yini ne. Ya ce, "Baba, ka huta, ba sai ka sake kiran kowa ba."

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Boubacar ya kwashe kekunansa. An ce ƙauye ya koma. An bar allon shagon.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Mushe ya kira ni biro, ya rufe ƙofa. Ya ce masu ƙara sun kai magana kotu, Alhamis ƙarfe tara zan je in maimaita abin da na faɗa, kalma da kalma, a rubuta in dangwala. Ya ce lauyanta zai bi ni da tambaya, ƙanana-ƙanana, don in ya kama ni a ƙarama ya kama ni a babba.

Na ce ba a taɓa kama ni ba.

Ya daɗe yana juya alƙalami a hannu. Ya ce, "Tsoho, tsakanina da kai, ni ban tambaye ka abin da ya faru gindin bedi ba, kuma ba zan tambaya ba. Mutum ɗaya nake buƙata in miƙa wa mutanen nan, ka ba ni. Kar ka karɓe ranar Alhamis." Ya miƙo mini goro. "In an gama wannan sai mu yi maganar hutunka. Ka yi mana ƙoƙari."

Na ce wane hutu.

Ya ce, "Bayan Alhamis, Tsoho. Bayan Alhamis."

Na karɓi goron.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Uwarta ta aiko a karɓi fankar. Tabarmar ta ce in riƙe, wai za ta yi mini amfani nan gaba kaɗan.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Gobe ne.

Na aiki Indo gidan suna. Na sayi reza sabuwa. Littafin nan na labo ne, da hatiminsu a bango, in wani ya tambaye shi ba zan iya hanawa ba. Shafin Litinin zai fita, da na Asabar, da wasu. Amma sai na rubuta ta daidai tukuna, yadda na faɗa musu, in karanta har ta zauna. Ban taɓa karanta abu don in riƙe shi ba. Yau ɗaya ce.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Ɗiyar Ɗahiru ta zo takwas saura. Ta ajiye mota gefen bedi. Ta kawo tabarma da fanka da kilishi. Tana rufe bayan mota na ce mata, injunanki sun mutu shekaranjiya da la'asar. Ta ce to Baba, to, tana duba waya. Na faɗa mata. Na faɗa mata da bakina. Gyalenta kore ne.

Kore na ce musu.

Ina jin kore na ce.